Ranar da Kirfa Ta Tona Asirina

'Yan uwa, yau ban san ta inda zan faro muku ba. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Na zauna bakin gado, na koma kujera, na sauko kan kafet, yanzu haka a tsaye nake jikin taga da waya a hannu. Wadda yau ta fara karanta ni, bari in gutsura mata: shekarata ashirin da bakwai, aikina amsa wayar masu ƙorafi a wani kamfanin sadarwa, kuma ina da asma tun ina 'yar shekara tara. Wannan ta ƙarshen ce ba a faɗa a gidanmu.

Da can ana faɗa. Injiniya ne ya jawo aka daina. Wata bakwai yana nemana, rana ɗaya ciwon ya tashi mini a gabansa. Ya kai ni asibiti, ya kawo lemo da ayaba, daga nan wayarsa ta daina shiga. Bayan sati biyu ƙanwarsa ta turo mini saƙo, wai gidansu ba sa son jinya. Ranar Umma ba ta yi kuka ba. Ɗaukar inhelata shuɗiya ta yi, wato abin shaƙar da nake amfani da shi idan numfashi ya sarƙe, ta cusa a cikin safar jarirai, ta cusa safar a jakar kwalliya, ta cusa jakar a can ƙuryar jakar hannuna.

"Daga yau ba ki da asma sai a ɗakin nan," in ji ta. "In an yi aure ya gani da idonsa."

Sai ga Mai Gilashi. Na kai Umma shagonsa gwajin ido, ya gwada nata, ya ɓuge da kallon nawa. Dogo ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya fasa wani abu, kullum da ɗan ƙyalle a aljihu. Ko wayata ya karɓa sai ya goge fuskarta kafin ya maido mini. Shi kuma A-yi-haƙuri yake kirana, don ya ce duk sanda ya bugo a wurin aiki kalmar da yake ji ke nan a bakina. Ina son sa. Na faɗa muku ne tun yanzu don kada wata ta tambaye ni a ƙasa.

Wata biyu da suka wuce ya fara kai ni aiki yana ɗauko ni. To ni inhela biyu gare ni, shuɗiyar nan ta ko-ta-kwana, da mai ruwan ƙasa wadda dole in shaƙa safe da yamma. Tun ina ƙarama likita ya ce duk na shaƙi mai ruwan ƙasa in kurkure baki. Amma ku gaya mini, mutum yana ƙofar gida yana danna hon, ina na ga ta kurkure baki? A bayan ƙofa nake fesawa in ruga. Da yamma kuma a matattakalar ofis, tsakanin hawa na uku da na biyu, inda ba kowa. In fesa, in haɗiye, in shiga mota ina murmushi.

Ranar Litinin ta makon jiya na kurɓi shayi na ji kamar na kurɓi ruwan barkono. Na shiga banɗakin ofis na haska tocilar waya. Innalillahi. Harshena da cikin kumatuna sun yi fari-fari, kamar gudajin madarar da ta lalace. Na kankara da farce, wurin ya yi ja ya fara tsatsar jini. Na koma kujerata na amsa kira tamanin da wannan harshen. Wani dattijo har cewa ya yi, "Yarinya, cire goron daga bakinki mu ji."

Da na koma gida na nuna wa Umma na ce gobe zan je asibiti. Ta zaro ido.

"Wane asibitin? Wanda maƙwabciyar uwar Mai Gilashi ke ɗauko fayil?"

"Umma, harshe zan nuna."

"Ki nuna harshe su buɗe fayil, su ga asma shafi ɗari? Ranar Asabar ta sama uwarsa za ta zo ganin ki. Ki bari ta zo ta tafi, ko asibiti goma ki je."

Gwaggo, yayar Babanmu da ke zaune tare da mu, tana gefe tana gyaran carbi. Ita ba a kawo ciwo gabanta ta rasa magani. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske.

"Wannan ai irin na jarirai ne. Ƙatuwa da ke! Ɗauko mini kirfa."

Ta karya sanda biyu na kirfa a ƙaramar tukunya, ta tafasa har ruwan ya yi ja, ta bari ya huce, ta tace a kwalba. Sau uku a rana in kurkure in zubar. Gaskiya ba zan ci amanar kirfa ba, zafin ya ɗan lafa, bakina kuma ya koma ƙamshi kamar kantin kek. Amma farin nan yana nan daram. Kullum da safe sai in ga ya ƙara cin wani sabon wuri.

Na zama marar zama. A ofis kowane minti ashirin ina banɗaki da tocila, har shugabarmu ta tambaye ni ko gudawa nake. A mota na koma magana baki a tsuke, ina jan gefen mayafi ina rufe fuska. In ya ba da labarin dariya sai in kalli taga. Ranar Laraba da rana saƙonsa ya shigo.

"A-yi-haƙuri, kwana tara ban ga haƙoranki ba."

"Suna nan lafiya, suna gaishe ka."

"Na yi laifi ne?"

"A'a."

"Ko zuwan Mama ne ke damun ki? Ba ta cizo."

Na rubuta masa gaskiya tun daga farko har ƙarshe, layi goma sha biyu. Na kalle su. Na tuna da lemo da ayaba. Na goge, na tura masa hoton fuska mai murmushi.

Ranar Alhamis saura kwana biyu, harshe bai canja ba. A nan ne na yi lissafin da ya kusa kai ni lahira. Na ce in ruwan kirfa yana rage zafi, ai garinta zalla sai ya kashe abin gaba ɗaya. Ban tambayi Gwaggo ba, ban tambayi kowa ba. Da aka tashi hutun rana na tsaya a kanti na sayi ƙullin garin kirfa, na wuce shagon Mai Gilashi karɓo wa Umma sabon tabaraunta.

Shagon nan kuwa madubi ne ta ko'ina. Bango madubi, kan teburi madubi, jikin ginshiƙi madubi. Mai ɓoye harshe bai kamata ta shiga irin wurin ba. Yana ciki yana gyara wa wata tsohuwa hannun tabarau, ya ce in ba shi minti biyar. Na zauna, na tashi, na gwada tabarau uku. Na leƙa ƙaramin madubin kan teburi na zaro harshe. Sai na ji ba zan iya jira har gida ba. Na juya baya, na yage ƙullin, na zazzaga garin a tafin hannu, na watsa a baki.

"Me kike ci ba tayi?"

A daidai kunnena ya faɗa. Na zabura na ja numfashi.

Wadda ba ta taɓa shaƙar garin kirfa ba, Allah kada ya nuna mata. Tari ya turnuƙe ni, gari ya fito ta hanci ta baki, ya bule madubin. Shi har ya fara dariya yana neman ruwa. Ni kuwa na riga na ji abin da na sani, ƙirjina yana tsukewa, iska na shiga ta wata 'yar ƙofa da ke ƙara rufewa. Sai fito ya fara, wannan siririn fiton da Umma ke cewa ta fi tsanar sa da komai a duniya.

Dariyarsa ta ɗauke lokaci ɗaya.

Na kai hannu jaka. Zip na farko ya buɗe, na biyu ya cije. Idona na ruwa. Ko a lokacin, wallahi, abin da ke raina shi ne in fita waje kada ya gani.

Bai tambaye ni komai ba. Fizge jakar ya yi ya kife ta a kan teburi. Hoda, makulli, caja, jakar kwalliya. Ya matsa jakar kwalliyar da hannu, ya zuge ta, ya zaro safar, ya fitar da inhelar kamar shi ya ajiye ta a wurin. Ya zaunar da ni a miƙe, ya ɗan sunkuyar da ni gaba. Ya ɗauki kofin takarda daga wurin ruwan sha, ya huda gindinsa da almakashi, ya girgiza inhelar, ya zura bakinta a hudar, ya kifa mini kofin a baki da hanci.

"Ja a hankali. Ɗaya. Biyu. Kada ki kalle ni, kalli agogon can. Uku. Huɗu."

Ya sake girgizawa, ya sake fesawa, ya sake ƙirgawa. A fesawa ta huɗu ƙofar numfashina ta fara buɗewa. Tsohuwar nan tana tsaye da tabarau a karkace tana ta salati. Ni kuwa ina zaune, fuska duk gari, safar jarirai mai hoton agwagwa tana kan teburi kowa na kallon ta.

Da tsohuwar ta tafi ya juya allon ƙofa ya rufe shagon. Ya ɗauko 'yar tocilar da yake haska ido da ita.

"Buɗe baki."

Na girgiza kai.

"Na riga na ga babban, buɗe mini ƙaramin."

Na buɗe. Ya duba ya kashe tocilar.

"Kina da mai ruwan ƙasa?"

Na gyaɗa kai.

"Kina kurkure baki in kin shaƙa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wata biyu a bayan ƙofa da matattakala. Na ce, "Kana danna hon." Daga haka kuka ya ƙwace mini.

Ya zauna a kujerar masu gwajin ido, ya fitar da ƙyallensa, ya rasa abin gogewa, ya riƙe shi kawai.

"Autarmu ma haka ya taɓa yi mata," in ji shi. "Ni nake tsare ta da kofin ruwa kullum da safe."

Na san suna da auta da ta rasu shekara shida da suka wuce. Ban taɓa tambayar me ya same ta ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ranar na ji. Tana da shekara goma sha tara, ita da Mama kaɗai a gida, inhelar ta ƙare ba wanda ya lura. A kan cinyar Mama ta cika, a bayan motar maƙwabci, saura ƙiris su shiga asibiti.

Bai bar ni na koma aiki ba. Wani asibiti ya kai ni can nesa da unguwarsu. Likitar ta saurari ƙirjina, ta duba bakin ta ce fangas ne, wato ƙwayar cutar da ke tsirowa in an shaƙi mai ruwan ƙasa ba a kurkure baki ba, ta rubuta mini maganin ɗigawa na sati biyu. Da ta ji labarin garin kirfa sai da ta cire tabarau ta kalle ni.

"Ruwanta marar kauri in kina jin daɗinsa ki kurkura, amma ba zai maye miki magani ba. Gari kuwa, ke da asma? Ko wasa."

A hanyar komawa na ƙura wa hannunsa ido a kan sitiyari, ina jiran ya tsaya wurin mai lemo da ayaba. Bai tsaya ba. Sai da muka iso ƙofar gidanmu ya kashe mota.

"Ni ba inda za ni. Ki sa wannan a ranki."

Na ji kamar in yi sujada a cikin motar.

"Amma Mama kada ta sani yanzu. Ko tari yaro ya yi a gidan sai ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta taɓa ce mini ba za ta iya sake jin wannan fiton a rayuwarta ba. Ki bari sai bayan aure, zan san yadda zan gaya mata."

Ya ɗauko safar daga aljihunsa, ya mayar da inhelar ciki da hannunsa, ya miƙo mini.

Da na gaya wa Umma har tafi ta yi. "Kin gani ko? Yaro mai hankali! Shi ma ya ce a rufe." Gwaggo kuma ta ce ita ba ta aike ni cin gari ba, kada a sa sunanta. Kowa ya samu natsuwa a gidan ban da ni. Ranar Juma'a na share ɗakina sau biyu, na kwashe kayan durowa na sake jerawa, na fita tsakar gida na dawo ba tare da na san abin da na je ɗauka ba. Mutum biyu da suka fi kowa so na, dukansu a cikin safa suke son ganin numfashina. Ga kuma matar da ta binne 'yarta, ana shirin kai mata wata irinta a naɗe.

Yau Asabar tun da hantsi gidan ya rikice. An canja labule, an fito da kofunan baƙi masu bakin zinare. Na sa doguwar riga ruwan zuma da farin mayafi, Umma ta canja mini ɗan kunne sau uku. Gwaggo ta bi falo lungu-lungu da turaren fesawa, kafin Umma ta ƙwace gwangwanin ta riga ta juye rabi. Na shigo na ji ƙirjina ya ɗan amsa. Na koma ɗaki zan shaƙa, sai ga hon. Na zare inhelar daga safa na jefa a aljihun riga, na fito.

Saƙonsa ya shigo ina bakin ƙofar falo. "Ina mota. Komai zai tafi daidai. Ki tuna abin da muka ce."

Mama 'yar siririya ce, fara, da tabarau mai igiya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sannunku da zuwa, Mama. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Taso ki zauna nan kusa da ni."

Na zuba mata shayi. Ta sunsuna ta ce, "Har da kirfa." Gwaggo ta washe baki za ta fara ba da tarihi, Umma ta taka mata ƙafa. Aka shiga hira, aikina, karatuna, tsadar kayan miya. Ina amsawa a gajarce don jimla mai tsawo ta fara fin ƙarfina. Ina jan iska ta hanci a hankali, ina danne fiton kamar mai danne murfin tukunya. Umma ta gane. Ta ƙara murya, ta jawo labarin da ba shi da kai.

"Je ki duba mana wuta," ta ce da ni, tana nuna ƙofa da ido.

Hanya ce ta ba ni. In fita, in fesa a bayan ƙofa, in dawo ina murmushi. Na miƙe har na yi taku biyu. Sai na ga Mama ta daina shan shayi. Ta karkata kai gefe guda, ba ni take kallo ba, saurare take.

Na dawo na zauna. Na sa hannu a aljihu, na fito da inhelar, na cire murfin na ajiye kusa da kofinta.

"Mama, ina da asma. Tun ina shekara tara."

Umma ta ce, "Na shiga uku." Gwaggo ta saki carbi. Na kai inhelar baki.

"Ba ki girgiza ba."

Muryar Mama ce, can ƙasa. Ta karɓe ta daga hannuna, ta girgiza, ta miƙo mini. Ta ɗora tafinta a tsakiyar bayana ta miƙar da ni. Na fesa, na riƙe numfashi. Leɓenta na motsi, tana ƙirgawa har goma. Ta sa na sake. Ba ta janye hannun ba sai da fiton ya mutu.

Daga nan ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta gyara mayafi. Ba ta kalli kowa ba. Umma ta bi ta har ƙofar gida tana ba da haƙuri, ba ta juyo ba. Na ji ƙarar ƙofar mota, aka daɗe kafin motar ta tashi.

Awa uku ke nan. Umma ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Wayata tana nuna Mai Gilashi yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya, har yanzu ko harafi bai shigo ba. Ni kuma na kasa zama, shi ya sa na shiga kwashe kofuna. Na ɗaga faranti, na leƙa ƙarƙashin teburi, na zazzage matasan kujera ina neman murfin inhelar.

"Daina wahalar da kanki," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "A hannunta yake. Ina kallo ta damƙe shi ta fita da shi."